Allurar da Ta Sauka Tsakanin Legas da Dutsin-Ma

Ni bakanike ne, a Dutsin-Ma garejina yake, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini mota ya san ina da baki. Ba na iya ganin shirme in yi shiru. Wannan hali ya kawo mini mutane, ya kuma kore mini wasu, ban taɓa damuwa ba. Sau ɗaya ne bakin nan ya yi ɓarnar da na kasa gyarawa, kuma abin haushin, ranar ko ƙarya ɗaya ban yi ba.

A cikin kayan aikina akwai wani ɗan geji mai fuska kamar agogo, da guntun tiyo a gindinsa. A Kaduna na saye shi, shekarar da na gama koyon aiki. Amfaninsa awon ƙarfin inji. Za ka bar mota ta yi zafi, ka cire fulogai duka, ka ɗaura bakin tiyon a ramin fulogi na farko, a take totur har ƙasa, a murza makulli. Allurar za ta yi tsalle sau huɗu ko biyar sannan ta tsaya. Lambar da ta tsaya a kai ita ke gaya maka yadda fistin yake matse iskar da ya shaƙa, abin da muke kira kwamfireshan. In inji lafiyayye ne allura ta hau sama, in ringi ya cinye ko bawul ya ƙone sai ta yi ƙasa. A lokacin duk layinmu ni kaɗai nake da shi. Sauran kanikawa da babban yatsa suke toshe ramin, su kanne ido ɗaya, su ce, "Da saura." Ni kuwa in tsaya a bayansu ina dariya, ina cewa yatsa bai yi makaranta ba. Har suka laƙaba mini Injiniya, da farko don zolaya, daga baya sunan ya bi ni.

Mu 'yan Birchi ne, ta ƙasar Kurfi. Mu biyu ne maza a ɗakin Innarmu, ni da Yaya, kuma shekara goma sha biyu ya ba ni. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, don haka Yaya ne ya riƙe ni, shi ne ya kai ni Kaduna ya danƙa ni hannun ubangidan da ya koya mini aiki. Direba ne. Shekara goma sha shida yana jan motar wani Alhaji mai bas-bas a Dutsin-Ma, waɗanda ke zuwa Katsina da Kano. Mutum ne mara magana, sai ka wuni da shi ba ka ji muryarsa sau biyar ba. A duk shekarun nan bai taɓa goga motar mutane da ko kututture ba. Saboda haka duk lokacin da Alhaji ya sayi mota a Legas, irin tsofaffin Turai ɗin nan da muke ce wa sababbi, Yaya ake turawa ya tuƙo ta. Wannan ba ƙaramin matsayi ba ne a tasha, akwai direbobin da suka daɗe suna haɗiyar yawu a kansa.

Dokar Alhaji ɗaya ce a irin wannan tafiya: mota ta zo wayam. Ba fasinja, ba buhu, ko kaza ba a yarda ba. Dalilinsa shi ne, wasu direbobin in an aike su ɗauko mota sai su cika ta maƙil da kaya da mutane tun daga Kudu, su yi ta dukanta a hanya, su iso da ita ta riga ta gaji.

Shekarar da abin ya faru, ƙanen Alhaji da ke kasuwanci a Legas ya samo wata farar bas. Babu wanda ya nemi shawarata. Ni ne da rawar kaina na ɗauki gejin nan, na same Yaya yana haɗa jaka, na miƙa masa.

Na ce, "Yaya, tafi da wannan. Kafin a gama ciniki ka auna ta."

Ya ce, "Ni da kunne nake jin mota."

Na ce, "Haba Yaya, zamanin kunne ya wuce. Ka auna, a ɗauki hoton allurar a waya, Alhaji ya gani da idonsa."

So nake Alhaji ya san da ni a garin, ba wani abu ba. Yaya ya karɓa don kada ya kunyata ni. Na tsaya na koya masa yadda ake yi har sau biyu. Da ya isa Legas ya yi yadda na ce, ƙanen Alhaji ya ɗauki bidiyo ya turo. Silinda huɗu, wato gidajen fistin, kowace allurar ta tsaya cak a kan ɗari da saba'in. Alhaji ya yi ta nuna wa mutane bidiyon nan kamar hoton jika, duk da shi kansa bai san abin da lambar ke nufi ba.

Ranar Laraba aka sa ran ganin motar. Ba ta iso ba sai Alhamis da la'asar. Kwana ɗayan nan ya ishi tasha ta dafa magana ta sauke. Da Yaya ya iso ya ce hanya ce, bai ƙara komai ba. Wani direba cikin masu haɗiyar yawun nan ya roƙi a ba shi ya ɗana ta, ya je wajen hanyar Karofi ya dawo, ya fito yana taɓe baki, wai ba ta da jan da aka ce. Shi ke nan, maganar ta shiga kunnen Alhaji.

Ranar Asabar da hantsi aka aiko in zo da gejina. Na tarar da motar a ƙofar gidan Alhaji, ƙarƙashin bishiyar bedi. Alhaji yana kan kujera, limamin unguwa yana kan tabarma, ga direbobi uku a tsaye, ga Yaya a gefe ya harɗe hannu a baya. Wallahi da murna na je. A raina cewa nake yau zan rufe bakin mutanen banza, allura za ta wanke Yaya a gaban kowa, ni kuma a ga aikina.

Na tayar da ita ta yi zafi. Na ɗaga kujerar gaba, don irin wannan bas injinta a nan ƙasa yake. Na cire fulogai, na ɗaura tiyo, na ce wa Yaya ya taka totur ya murza makulli. Allura ta yi tsalle, ta yi tsalle, ta tsaya a kan ɗari da sittin.

Na ce a raina tiyon ne bai zauna ba. Na kwance na sake ɗaurawa. Ɗari da sittin. Na koma ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ta huɗu, haka. Geji ɗaya ne, inji ɗaya ne, kwana biyar ne tsakani, ga bidiyon Legas a hannun Alhaji yana kallo, ga allurata a gabansa.

Alhaji ya ce, "Injiniya, nawa ka gani?"

Na faɗa.

Ya ce, "Can nawa ne?"

Na faɗa.

Ya ce, "To, kai ne masani. Me ke sa allura ta sauka cikin kwana biyar?"

Nan ne wurin da ya kamata in ce ban sani ba. Kalma uku ce. Amma an kira ni masani a gaban liman, a gaban direbobin da nake yi wa dariya, ina zan iya? Sai na karanto abin da aka koya mini a Kaduna, tiryan-tiryan, kamar ɗan makaranta. Na ce abu uku ne ke kawo haka: ko inji ya yi zafi har ya tafasa, ko an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa aka yi ta dukansa, ko kuwa an buɗe shi an taɓa kayan ciki. Ina faɗa ina kallon ƙasa. Akwai abin da na lura da shi ban faɗa ba. Injin da ya tafasa ko aka wahalar, ba ya sauka daidai wa daida a silinda huɗu, ɗaya takan fi 'yan'uwanta jin jiki. Wannan kuwa duka huɗun sun sauka kai ɗaya, kamar da mudu aka ɗiba. Na gani sarai. Ban san dalilinsa ba, shi ya sa na haɗiye, don kada a ce Injiniya ya rasa amsa.

Liman, Allah ya jiƙansa, so ya yi ya kashe wutar. Ya ce abu ne mai sauƙi, mutumin nan an san shi, a ɗauko Alƙur'ani ya yi alwala ya dafa, ya ce bai yi wani abu da motar nan a hanya wanda Alhaji bai sani ba, magana ta ƙare. Alhaji ya ce ya yarda.

Yaya ya ce, "Malam, ba zan dafa ba."

Ya ce ba zai dafa a kan wannan lafazin ba, domin akwai abin da ya yi wanda Alhaji bai sani ba. Ya ce bayan ya wuce Kontagora ya tarar da mota ta mutu a gefen hanya, da wani dattijo kwance a ƙasa yana numfashi sama-sama, da matansa biyu da ɗansa. Mutanen Funtua ne. Ya ɗauke su su huɗu, ya kai su asibiti, ya tsaya har aka ba dattijon gado, abin da ya cinye masa kwana ke nan. Ya ce bai karɓi ko ruwan sha a hannunsu ba. Ya ce amma inji bai yi zafi ba, ba wanda ya taɓa shi, a kan wannan kam a kawo ya dafa sau goma.

Ka san mutane. Ba wanda ya ji kashi na biyu na maganar. Direban nan da ya ɗana motar ya tafa hannu ya ce, "Ahaf! Huɗu ne aka faɗa." Alhaji ya ce wanda ya ɓoye ɗaya tun Alhamis, shi bai san sauran nawa ne a ciki ba. Liman ya yi ta ba da baki, Alhaji ya ce a bar rantsuwar ma, ba ya son ya jefa mutum cikin halaka. Ka ji fa, wai tausayi ne. Ya miƙa hannu, Yaya ya zaro makullin daga jikin motar ya ɗora masa a tafi, ya yi wa kowa sallama ya tafi a ƙasa. Ni kuwa ina durƙushe ina mayar da fulogai.

Kafin azahar labari ya gama tasha, kuma ba a ce Yaya ya ɗauki mara lafiya ba. Cewa aka yi an ba shi Alƙur'ani ya kasa dafawa, kuma ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya tona shi da na'ura. A garinmu, direban da aka ce ya ci amanar mota ya gama. Ya je wurin masu motoci uku, duk sun san shi, duk sun karɓe shi da fara'a, kowa ya ce za a neme shi. Har yau ana nemansa. Ya yi acaɓa wata takwas tsakanin Dutsin-Ma da Karofi, mutum mai furfura a gemu yana rige-rigen fasinja da sa'o'in 'ya'yansa. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Birchi, gidanmu na gado, kusa da Inna, ya kama fartanya.

Ranar da suke kwashe kaya na je taya su. Matar Yaya, wadda ta yi shekaru tana zuba mini tuwo, ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Na ji zafin maganar, amma ka san abin da na yi? Haushinta na ji. Na ce a raina ni me na yi, ni na sa allura ta sauka?

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu: na yarda Yaya ya yi abin da ake zarginsa. Ba a ranar ba, a hankali abin ya shige ni. Na ce wataƙila ruwan lagireto ya ƙare bai lura ba, kunya ta hana shi faɗa. Na ce wataƙila mutanen sun fi huɗu. Ko dai yayana ya yi ƙarya, ko gejina ya yi, ni kuwa na zaɓi geji. Mutumin da ya goye ni a kafaɗa zuwa kasuwar Kurfi, na ɗora shi a sikeli da guntun ƙarfe da tiyo, ƙarfen ya rinjaye shi. Tir da ni.

Kuma na ci riba, wannan ma sai na faɗa. Daga ranar Alhaji ya mayar da gyaran motocinsa duka garejina. Masu motoci suka riƙa cewa, ku kai wa Injiniya, wanda bai rufa wa yayansa asiri ba ai ba zai cuce ka ba. Malaman jami'a suka fara zuwa, ma'aikata suka fara zuwa. Na buga rumfar kwano, na yi aure na biyu a cikin sunan nan, na gina ɗaki. Duk sallah ina kai wa Yaya shadda da buhun shinkafa, ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka, mu zauna mu yi maganar ruwan sama. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Inna ta rasu a shekara ta huɗu, ina Dutsin-Ma aka kira ni, na tarar an riga an yi mata wanka.

Ita kuwa farar bas ɗin nan, lafiyarta ƙalau. Ba a taɓa buɗe injinta ba. Ni nake canza mata baƙin mai. Bayan shekara guda na sake aunawa, ɗari da sittin. Injin da aka ce an ƙona, ya shekara yana zuwa Kano bai rage ko layi ɗaya ba. Mai hankali da nan zai tsaya ya yi tunani. Ni cewa na yi hannuna ne mai kyau.

Shekara bakwai bayan haka, wani malamin jami'a da nake yi wa gyara ya roƙe ni in raka shi Jos, zai kai iyalinsa biki, yana tsoron motar ta ba shi matsala a hanya. Kafin mu tashi na duba ta tsaf, na auna ta kamar yadda na saba, allura ta ba ni ɗari da sittin da ɗan ɗoriya. Muka kama hanya. Da muka gama hawan nan muka shiga Jos, sai mota ta fara tari. Muka sauke iyali, muka gangara rumfar wani tsohon bakanike na roƙi wuri. Wayar fulogi ɗaya ce ta tsage, abin minti goma. Amma tunda fulogai suna waje sai na ce bari in auna. Allura ta kasa kai ɗari da hamsin. Duka huɗun, kai ɗaya.

Na miƙe na ce, "Malam, sai haƙuri. Hawan nan ya taɓa injin."

Tsohon nan yana zaune kan taya yana cin gyaɗa. Ya ce in ba shi ya gani. Ya dubi allurar, ya dube ni, ya tambaye ni daga ina. Na ce Katsina. Sai ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Ɗana, injinka lafiya lau. Nan kan dutse kake. Iskar nan ba ta da kauri kamar taku. Fistin abin da ya shaƙa shi yake matsewa, in ya shaƙi kaɗan allura ta nuna kaɗan. Ba ka ga duka huɗun tare suka sauka ba? In ka gangara gida za ta hau. In ka kai ta bakin teku ta fi haka hawa."

Na ce, "Baba, bakin teku kamar ina?"

Ya ce, "Kamar Legas mana."

Malamin ya ce ai haka ne, abu ne da ake koyarwa, duk yadda ƙasa ta yi tudu iska tana raguwa. Ya latsa wayarsa ya nuna mini: Legas tana daidai da ruwan teku, Dutsin-Ma tana sama da ita nesa ba kusa ba, Jos kuma tana sama da mu. Ni da aka haifa a ƙasar nan ban taɓa sanin a kan tudu muke ba. Ina zan sani? Fili ne ko'ina, gero da dawa iyakar ganinka, sai 'yan duwatsunmu. Daga Legas hanya tana hawa a hankali, kwana biyu kana hawa ba ka sani ba. Ubangidana na Kaduna bai taɓa auna mota a gari biyu ba, ni ma haka.

Na zauna a kan dutsen da ke wurin ina ta salati. Malamin ya zaci murna ce.

Washegarin da muka dawo, tun kafin in karya na je gidan malamin na auna motar. Ɗari da sittin da ɗan ɗoriya. Na auna sau uku. Na zauna a cikin motar mutane na yi kuka kamar mace mai takaba.

Alhaji na fara zuwa wa. Ya tsufa, ƙafa ta kumbura, 'ya'yansa ke juya motocin. Na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla, tun daga Jos har tudu da iska. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Ikon Allah. Ashe haka abin yake." Na jira. Ya ce, "To, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na ce, Alhaji, so nake a tara mutane kamar yadda aka tara su ran nan, a faɗa a gabansu. Ya ce, "Injiniya, mutanen hanyar nan, yayanka ya ɗauke su ko bai ɗauke su ba?" Na ce ya ɗauka. Ya ce to dokarsa dai an karya, sauran kuma ƙaddara ce, tone-tone ba shi da amfani. Ya ce in gaishe masa da Yaya da kyau. Na fito raina yana tafasa, amma da wane bakin zan zage shi? Tambaya ya yi, ni na ba da amsa.

Daga nan na wuce tasha. Safiya ce, direbobi sun kewaye teburin mai shayi, har da biyu cikin ukun da suka tsaya ƙarƙashin bedin nan. Na ɗora gejin a kan tebur na ce su saurare ni. Na faɗi komai, har da abin da na lura da shi na haɗiye. Na ce yayana bai ƙona inji ba, ni ne jahili.

Wanda ya ɗana motar ran nan ya kurɓi shayi ya ce, "Yau kuma iska ce ta ci injin?" Aka fashe da dariya. Wani ya ce jini ya motsa. Wani ya ce shekara bakwai Injiniya yana neman dabara sai yau ya samo ta a Jos. Na ce duk mai shakka ya ba ni motarsa mu je mu auna a can mu dawo. Suka ce wa zai ƙona mai saboda maganar da ta mutu? Sai wani dattijon direba, mutumin kirki wallahi, ya ja ni gefe ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Ɗana, kowa ya san kana son ɗan'uwanka. Amma sunanka na gaskiya ne a garin nan, kada ka ɓata shi da wannan zance." Ranar da na yi magana cikin jahilci ba wanda ya nemi hujja, yau da na zo da sani ni ne maƙaryaci. Na ɗauki gejina na tafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko na hau babur zuwa Birchi. Lokacin roron wake ne. Matar Yaya ta ce yana gonar bayan gari, don ta nesa ba ta nomuwa yanzu saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Na same shi a sunkuye da kwando a gabansa. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Muka gaisa, ya ce lafiya na zo ba sallah ba?

Na tsuguna a cikin kunya na faɗa masa. Na yi ta zuba, tudu, teku, iska, fistin, tsohon Jos, ina maimaita wasu wuraren don ban san inda zan tsaya ba. Bai katse ni ba. Da na yi shiru ya ɓare kwanson wake ɗaya ya duba cikinsa ya jefa a kwando.

Ya ce, "To ai ni na san ban yi ba."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Bari in tambaye ka. A tsawon shekarun nan, kai ka ɗauka na yi?"

Na so in ce a'a. Bakin da bai taɓa rasa magana ba ya mutu murus. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Na sani. Na gani a yadda kake miƙo mini shadda." Ya jefa wani kwanson a kwando. "Ni na yafe maka tun tuni, kai ƙanena ne. Amma akwai abin da ba ka sani ba, ba ka nan. Ranar da Inna za ta cika, ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin. Ta kama hannuna ta ce, abin da na yi wa motar Alhaji, ita ta yafe mini, in je in nemi gafarar Allah. Ta ce ta san ƙanena ba ya ƙarya."

Na ce, "Me ka ce mata?"

Ya ce, "Me zan ce? In gaya mata ɗayanmu maƙaryaci ne tana kan hanya? Cewa na yi na gode, Inna."

Ya sunkuya ya ci gaba da roronsa. Na daɗe a tsugune, sannan na matsa kunya ta kusa da tasa na fara tsinkar wake ina zubawa a kwandonsa, bai hana ni ba har aka kira la'asar.